Iskar da Na Hana Baba Levi

A ƙauyenmu Madakiya yanzu ana kirana yarinyar da ta hana Baba Levi iska. Ban roƙi kowa ya daina ba. Na hana shi, kuma ga yadda aka yi.

Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya aka tura ajinmu aikin gwaji a wani asibiti a Kafanchan. Aikin gwaji shi ne lokacin da ake raba ɗaliba da allo da littafi, a tsayar da ita gaban gadon mai rai. Ni aka kai ni ɗakin maza, ƙarƙashin Sista Catherine, wata doguwar mace mai furfura wadda ba ta ɗaga murya kuma ba ta maimaita magana. Ranar da na fara ta miƙo mini wata 'yar sifana da hannu ya goge har tana sheƙi.

"Da ita ake buɗe tukunyar oksijin," in ji ta. "Ita kaɗai ce a ɗakin nan. Ɗalibar da ke bakin aiki ita ke riƙe ta. Ba kya buɗewa sai an ce ki buɗe."

Na jefa ta a aljihun farar rigata, ina jin nauyinta a cinyata kamar an ba ni sarauta.

Akwai kuma Ja'afaru, ɗan Zangon Kataf, wanda jami'arsu ta turo shi nasa aikin gwajin. Shi kula da walwalar jama'a yake karanta, aikinsa zama da majinyata da danginsu, ya ji abin da ke damunsu bayan ciwon. Ina ce masa Malam Surutu, tun da ban taɓa ganin ya ɗauki ko auduga ba. Shi kuma yana ce mini Sista Gobe, wai don ban zama Sistar ba tukuna.

Damina ta yi nisa aka kawo Baba Levi a kan babur. Ɗansa Meshak ne ke tuƙi, tsohon na tsakiya, matarsa Mama Yemima na baya ta rungume shi. Gaban rigar tsohon duk ja. Na ɗauka jini ne, ashe manja ne. A ƙauyenmu duk wanda ya sha guba manja ake ɗura masa.

Ba sai an gaya mini ko su wane ne ba. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Mama Yemima ce shugabar Zumuntar Mata a majami'armu, ita ce ke goya ni in uwata ta tafi gona. Ranar da zan tafi makaranta ta tara mata a ƙofar gidanmu, ta ɗora hannu a kaina ta yi addu'a, ta ƙare da cewa, "Yanzu mu ma mun samu namu a asibiti."

Da ta hango ni a bakin ƙofa sai ta ɗaga hannu sama. "Yesu na gode! Ga Damaris. Levi, ka ji? 'Yarmu tana nan."

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Tun shekarar da cutar ruɓa ta cinye citta, Baba Levi ya koma masara. Ciyawa ta fi ƙarfin fartanyarsa, ya je kasuwa ya sayi maganin feshi na awo, aka zuba masa a gorar roba irin wadda ake sayar da kunu a ciki. A gona ya ajiye ta a inuwa kusa da gorar kununsa. Rana ta yi zafi, ya miƙa hannu bai duba ba. Ya tofar, amma kurɓi ɗaya ya riga ya wuce.

Likita ya karɓi gorar da suka zo da ita ya duba ruwan, ya tambayi Meshak yadda jarkar mai sayarwa take da yadda maganin ke ƙona ganye. Daga nan ya ce parakwat ne. Aka ɗura wa tsohon garin gawayi na asibiti, aka sa masa ƙarin ruwa. Kafin likita ya fita ya ce kada wanda ya ba shi oksijin sai da izininsa.

Sista Catherine ta juyo kaina a gaban sauran ɗalibai. "Me ya sa?"

Na san amsar, na karanta ta. Na ce gubar nan a huhu take taruwa, kuma oksijin ne ke ƙara mata ƙarfin cin huhun. In an ƙara wa mutum iskar, an gaggauta masa lalacewa. Ba a ba shi sai in numfashin ya faɗi ƙwarai. Na faɗa da Turanci mai kyau, kaina a miƙe.

"Daidai," in ji Sista. "Wannan na jarrabawa ne. Saura na matarsa."

Da farko babu wanda ya nemi bayani, domin Baba Levi ya yi kamar ya warke. Aman ya tsaya. Bakinsa da harshensa sun salluɓe, ni ke wanke masa su da auduga a hankali, ni ke goge masa jiki da safe, amma yana zama, har yana ba'a. Ja'afaru ya zauna kusa da shi yana kewaye-kewaye, don dole ne ya gano ko da gangan ya sha.

Tsohon ya gane. "Malam," ya ce da kumburarren harshensa, "in zan kashe kaina, sai in bar masarata cikin ciyawa maƙwabta su yi mini dariya? Ai da sai na gama feshin."

Mutanen majami'a suka riƙa zuwa da abinci, suna cewa Ubangiji ya yi abin al'ajabi. Littafi ya ce haka gubar take yi, takan yi shiru kafin ta kama huhu. Na yi addu'a littafin ya yi ƙarya.

Bai yi ƙarya ba. Kafin mako ya zagayo Baba Levi ya fara tsayawa a tsakiyar magana don ya ja numfashi. Sai ya zama ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai. A gadon da ke kusa da nasa kuwa akwai wani tsohon ma'aikacin reluwe mai ciwon sanyin haƙarƙari, an sa masa robar oksijin a hanci, ruwan kwalbar yana ta ɓulɓul. Tukunya ta biyu, cike, tana tsaye tsakanin gadajen biyu, robarta a rataye. Mama Yemima na zaune tana kallonta tun safe.

"'Yata," ta ce mini, "wancan an ba shi iska ya samu sauƙi. Babanki fa?"

Na durƙusa gabanta. Na yi mata bayani da yarenmu, na sake da Hausa. Na ce, "Mama, maganin nan kamar garwashi ne a cikin ƙirjinsa. In kin hura garwashi me yake yi?"

"Yana kamawa."

"To iskar tukunyar nan hura shi za ta yi."

Meshak na jingine da bango, hular kwanonsa a hannu. "To ki toshe masa hanci ma mana, tun da iska ce ke kashe mutum yanzu. Wannan karatu naku dai! Don mu 'yan ƙauye ne shi ya sa. Da ɗan gari ne da tuni kun sa masa."

"Ni ma 'yar ƙauye ce, Meshak."

"Da kenan."

Umarnin na likita ne, ɗakin na Sista ne. Amma mutanen Madakiya ba su san likita ba, ba su san Sista ba. Damaris suka sani, kuma sun ga sifana a aljihunta. Maganar ta riga ni zuwa gida. Uwata ta kira ni a waya, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce a rijiya mata sun daina amsa gaisuwarta.

"Ki buɗe masa ko kaɗan, mutane su gani. Ke za ki gama ki tafi Kaduna. Ni a nan zan mutu."

Na ce, "Mama, kaɗan ɗin ma cutarsa zai yi." Ta kashe wayar.

Sista Catherine ta lura. Ta kira ni ofishinta ta ce za ta iya mayar da ni ɗakin yara, babu wanda zai ga laifina, ba a son ɗaliba ta yi jinyar nata. Na tambaye ta ko in na tafi za a buɗe masa. Ta ce a'a. Na ce to ai gara wanda zai hana shi ya zama wanda ya san sunansa. Sai ta ce in je in sauya masa zanin gado.

Ranar Lahadi bayan sujada ɗakin ya cika da baƙi. Sista tana wajen karɓo magani, nas ɗin da ke tare da ni tana can ƙarshen ɗaki tana ɗaure wa wani ƙafa. Ina juyowa daga wanke hannu na ga Meshak tsugune a gindin tukunyar. Ya riga ya cire robar daga inda take rataye. A hannunsa akwai sifana, tasa ta gyaran babur. Ban taɓa tunanin haka ba, wai sarautar da nake taƙama da ita kowane ɗan acaɓa yana da irinta a ƙarƙashin kujerarsa.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na kife hannuwana biyu a kan bakin tukunyar.

"Ɗaga hannunki."

"Ba zan ɗaga ba."

"Damaris, ubana ne."

"Na sani. Shi ya sa."

Ya buga mini sifanar a yatsu. Zafin ya haura har cikin haƙorana. Ya sake bugawa. Dattawan ikilisiya biyu na tsaye, matan Zumunta na tsaye da ɗankwalinsu iri ɗaya, babu wanda ya hana shi. Na ji wata a baya ta ce, "A bar shi ya taimaki ubansa." Ban yi kuka ba. Na ƙudurta ko yatsun za su karye ba zan yi musu kuka ba.

Ja'afaru ya shigo da gudu, ya ja birki. Na ga hannunsa ya tashi zai riƙe Meshak, na ga ya mayar da shi. Ya san garin da muke. Musulmi ɗan Zango ya cafke Kirista ɗan Madakiya a gaban jama'a, kafin yamma labarin ya zama wani abu dabam. Sai ya zagaya ya zauna a bakin gadon, ya kara kunnensa kusa da bakin tsohon, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, ku yi shiru. Baba yana magana."

Ɗakin ya yi tsit, sai ɓulɓul ɗin kwalbar maƙwabci. Baba Levi yana fitar da kalma ɗaya, ya huta, ya fitar da wata.

"Meshak. Hannun nan. Shi ke wanke ni. Kai ka taɓa?"

Meshak ya tsaya da sifanar a sama. Sannan ya jefar da ita, ta yi ƙara a siminti, ya fita. Farcena biyu suka yi baƙi. Sista ta dawo ta duba, ta ɗaure mini, ta ce ko ina so a kai ƙara. Na ce a'a. Ta ce ko ina so in tafi gida in huta. Na ce saura wankin bakinsa na yamma.

Daga ranar matan ƙauyenmu suka daina kiran sunana. In na shigo da tire sai su kau da kai. Mama Yemima kaɗai ke matsawa ta ba ni wuri, ita ma ba ta kallona. Ni kuwa ina zuwa kowace safiya da rigata a goge. Ina juya shi, ina ɗaga shi, ina maƙala masa 'yar na'urar da ke auna iskar jini a yatsa, ina kallon lambar tana sauka. Wani lokaci yakan kama hannuna mai bandeji ya riƙe, idonsa a kan tukunyar. Bai taɓa roƙona ba. Da ya roƙa ban san yadda zan yi ba, kuma ina jin ya san haka.

Wata safiya likita ya zo zagaye, ya ɗaga hoton ƙirjin a hasken taga. Inda ya kamata ya yi baƙi duk ya yi fari. Ya duba lambar, ya duba leɓen tsohon da suka yi shuɗi. Ya ja mu gefe, ni da Sista.

"Ku buɗe masa. Babu sauran abin da za mu kare. Ya samu sauƙin tafiya kawai."

Na sa hannu a aljihu, na taɓa sifanar. Na ce a ba ni ɗan lokaci, ba zan buɗe ba sai matarsa ta san abin da buɗewar ke nufi. Sista ta ce in kira Ja'afaru.

Muka same ta a bayan ɗakin, inda masu jinya ke girki, tana dama kunun da ba zai iya haɗiya ba. Ina shirin fara bayani Ja'afaru ya taɓa gwiwar hannuna. Ya jawo kujera 'yar tsuguno ya zauna ƙasa da ita, ya gaishe ta, ya tambaye ta shekarar da suka yi aure, ya bar ta ta faɗa. Sai da ta gama ya ce, "Mama, likita ya ce a ba Baba iskar. Amma akwai magana a ciki, kuma Damaris ta ƙi yi miki ita a ɓoye."

Fuskarta ta fara washewa, sai ta tsaya. Ta ajiye ludayin. Mama Yemima ba ta yi makaranta ba, amma ta riƙe maganar garwashin.

"Kin ce iskar tana hura wutar."

"E, Mama."

"Yanzu za ki hura."

"Wutar ta riga ta cinye, Mama. Saura ya daina wahala."

Ta dube ni, karo na farko tun ranar Lahadi. "Wato in kin buɗe, kin sallame shi ke nan."

Na ce e.

Ta cafke hannuna, daidai kan yatsun da ɗanta ya fasa. "To kada ki buɗe. Damaris, kada ki buɗe! Ki ci gaba da hana shi. Na yarda, ki hana shi."

Matar da ta yi kwanaki tana roƙon iskar nan ita ce yanzu durƙushe a gaban murhu tana roƙona in riƙe ta. Ja'afaru ya zauna tare da mu har kunun ya yi sanyi. Sannan ya ce, "Mama, mu je ki gan shi. Ke za ki faɗa."

Muka shiga. Baba Levi na zaune a jingine, bakinsa a buɗe, kafaɗunsa na hawa da sauka, duk jijiyoyin wuyansa sun fito. Ta tsaya a kansa ta daɗe. Ta goge masa gumi da bakin zaninta, ta yi masa magana da yarenmu a kunne. Ba ta juyo ba ta ce, "Buɗe."

Na sa masa robar, na ɗora sifanar, na murɗa da hannun hagu. Ruwan kwalbar ya fara ɓulɓul. Kaɗan-kaɗan kafaɗunsa suka sauka, ya lumshe ido.

Matan Zumunta da ke bakin ƙofa ba su san komai ba. Ɗaya ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauki waƙar godiya, suna tafi a hankali don kada Sista ta kore su. "Ubangiji ya taɓa zuciyarta," in ji wata. Mama Yemima na tsaye a tsakiyar waƙar kamar itace.

Washegari da hantsi ya cika. Ni da Sista Catherine muka cire robar, muka rufe masa ido, muka wanke shi, muka ɗaure masa haɓa. Ta nuna mini yadda ake naɗe zanin don fuskar ta zama abin ƙarshe da za a rufe. Na rufe tukunyar da kaina.

A Madakiya lissafin bai yi musu wuya ba: an hana shi iska yana wahala, an ba shi ya samu sauƙi, da an ba shi tun farko da yana nan. Meshak ya faɗa a tashar babura, ya faɗa a gidan makoki. Uwata ta aiko cewa kada in zo jana'iza. Na zo, kuma da farar rigata na zo, don kada wani ya ce na ɓuya. A majami'a na zauna a benci, matan da ke kai suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka koma na baya. Na zauna ni kaɗai a dogon benci, na rera kowace waƙa har ƙarshe.

Bayan an rufe kabarin na tsaya a gefen gonarsa. Ciyawa ta kai ƙugun masarar, rabi a ƙone inda ya fesa, rabi kore shar. Mama Yemima ta taho tsakanin mata biyu da ke riƙe da ita. Da ta zo daidai inda nake ta tsaya. Na ɗauka za ta faɗa musu. Kalma ɗaya daga bakin shugabar Zumunta ta isa ta mayar mini da ƙauyena.

Ta yi magana yadda ni kaɗai zan ji, idonta a ƙasa. "Na san abin da kika yi, 'yata. Na sani sarai. Amma in na faɗa, sai in ce ni na ce a buɗe. Ban iya ba tukuna."

Suka wuce da ita.

Ranar Litinin na koma ɗakin maza. An sauya katifar gadon, an kwantar da wani mai karayar ƙafa. Ja'afaru ya dubi farcena da suka fara ɓarewa ya ce, "Sista Gobe, an dawo?" Na ce masa ya matsa, yana tare mini hanya. Sista Catherine na zaune a teburinta tana rubutu. Ba ta ɗago ba, ta tura sifanar zuwa bakin teburin. Na ɗauka na sa a aljihu.